Ƙoƙon Gwiwar Dogo

Dogo yana durƙushe a tsakiyar zauren, ya juya zai ɗauko gudumar roba, ƙafar dama ta ƙi bin sa. Ƙoƙon gwiwar ya goce ya koma gefen waje, ya tsaya can kamar an cusa ƙwallo a ƙarƙashin fata. Bai yi ihu ba. Ya kwanta a kan tayil ɗin da ya gama sawa, ya riƙe cinya da hannu biyu, ya kira wansa.

Yaya yana bakin ƙofa yana waya. Ya ɗaga masa yatsa, ya ƙarasa maganarsa, ya sa wayar a aljihu, sannan ya tako.

"Sauka daga kan aikin tukuna. Bai bushe ba."

"Yaya, ta fita."

"Ina gani, ai da idona. Ka lotsa min tayil biyu da ɗuwawunka."

Ya ja shi ta hammata zuwa kan simintin da ba a rufe ba. Ya tsuguna, ya kama diddige da hagu, ya ɗora babban yatsan dama a gefen ƙoƙon ta waje, ya riƙa miƙe ƙafar a hankali yana turawa. Aka ji ƙas. Dogo ya saki numfashi, zufa na bin wuyansa.

Mai fenti ya leƙo daga kan tsani. "An gyara keken?"

"An gyara," in ji Yaya. "Sai wani facin kuma." Ya share hannu a wando. "Tashi, kwaɓin zai daskare."

Tun Dogo yana firamare gwiwar take haka, kuma tun lokacin Yaya ne ke mayar da ita: a filin ƙwallo, a matakalar gidajen mutane, sau ɗaya a banɗaki, sai da aka ɓalle ƙofa. Yaya ba maɗori ba ne. Sa tayil ya gada wurin mahaifinsu, kamar yadda Dogo ya gada. Amma wannan gwiwa ɗaya ya san ta fiye da mai ita, kuma ba ya bari a manta. Duk inda suka je aiki sai ya gaya wa leburori cewa in ba don shi ba, da rarrafe wannan dogon zai riƙa komawa gida.

Tun rasuwar tsohon aikinsu a rabe yake. Yaya ke magana da masu gini, shi ke jan igiya, shi ke daidaita ƙasa. Dogo ke yanka, shi ke sa duk abin da ke da zane. Wannan sabon zauren taro ne, kuma mai shi ya nace sai an yi masa babban zagaye a tsakiya, fari da baƙi, yana murɗawa kamar katantanwa. Babu guntu biyu iri ɗaya a ciki. Kowanne sai an gwada shi da na gefensa, a yanka, a goge bakin, a sake gwadawa. Dogo ya kai rabi.

Ya tashi, ya ɗingisa, ya koma kan aikin. Kafin yamma gwiwar ta cika ƙafar wando. Washegari ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwasawa. Yaya ya zo gida ya murza ta, ya ja, ya ce taurin kai ne irin na mai ita. Matar Dogo ta jira ya fita, ta kira mota, ta kai mijinta asibiti, aka ɗauki hoton gwiwar.

Ranar da za a karanta hoton, Yaya ya biyo su ba wanda ya gayyace shi. Likitar ƙashin mace ce, gajeriya, ba ta da doguwar gaisuwa. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta.

"Wa ke mayar masa da ita?"

"Ni," in ji Yaya, ya gyara zama.

"Ka iya mayarwa. Sai dai duk fita ɗaya, ƙoƙon yana kankare guringuntsin da ke ƙarƙashinsa. Yanzu guntu ya ɓalle, ga shi nan, shi ya maƙale a gaɓar." Ta matsar da biro. "Nan kuma akwai jijiyar da ke riƙe ƙoƙon ta ciki kamar igiya. Tasa ta tsinke tun tuni. Shi ya sa take fita."

"Shi ya sa nake mayarwa."

Ba ta kula shi ba. Ta dubi Dogo. "Zan cire guntun. Zan ɗauko wata jijiya daga cikin cinyarka, in huda ƙashi, in ɗaure ta a madadin waccan. Ba zan buɗe gwiwar ba. Ƙananan huda zan yi, in zura kyamara da kayan aiki."

Yaya ya yi dariya ta hanci. "Ba za ki buɗe ba, ta ina za ki gyara? Ni ko bututu ne ya fashe a ƙasa, sai na ɗaga tayil." Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. Tabon ya taso daga idon sawu har ƙasan gwiwa, mai kauri, da sawun ɗinki gefe da gefe kamar zif. Daga kan bene ya faɗo shekarun baya. "Wannan shi ne aiki. An buɗe, an gani, an sa ƙarfe. Kuma ban daɗe ba na koma."

"Wannan karaya ce. Sauke wandonka, malam." Ta koma kan Dogo. "Ka saurare ni, don a nan mutane ke ɓata aikin. Waje zai warke da wuri, har ka ce ba a yi komai ba. Ciki kuwa watanni ne kafin jijiyar ta kama ƙashi. Kafin nan ba durƙuso, ba murɗawa, kuma kada kowa ya tura ƙoƙon gefe. In ta saki, na biyu ba ya kyau kamar na farko, kai kuma a kan gwiwa kake cin abinci."

"In ban yi ba fa?"

"Za ta ci gaba da fita yana mayarwa, har guringuntsin ya ƙare. Daga nan kai da durƙuso kun rabu, ko an yi aiki ko ba a yi ba."

A barandar asibiti Yaya ya sha gabansa.

"Zauren fa?"

"A rufe tsakiyar da kwali, ku yi gefe tukuna."

"Ka je ka gaya wa mai zauren da bakinka. Shekara nawa ina fama da wannan ƙafar taka? Na taɓa ce maka na gaji? An nuna maka hoto da biro, shi ke nan ka mance."

"Ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Ta ce na iya."

Allurar baya aka yi wa Dogo. Daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonsa biyu. An kafa zani tsakaninsa da ƙafar, amma talabijin ɗin da ke nuna abin da kyamara ke ɗauka yana gefe, yana gani. Cikin gwiwarsa fari ne, sumul, kamar sabon kwanon wanka, sai wuri ɗaya da ya zaizaye ya yi gashi-gashi, kamar inda aka daɗe ana jan kujera. Wani ɗan bakin ƙarfe ya shigo ya cafke guntun ya fice da shi. Can kuma ya ji kukan injin huda. Bai bambanta da nasu na bango ba, sai dai wannan har a haƙoransa ya ji shi.

Washegari ma'aikaciyar jinya ta kwance ƙarfen da aka ɗaure ƙafar da shi za ta canza bandeji, sai ga su sun shigo: Inna a gaba, matar Dogo, Yaya a baya. Shi ya fara sunkuyawa. 'Yan filasta ne nan da can, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba.

"Ina aikin?"

"Ga shi kana gani," in ji matar Dogo.

"Wannan?" Ya miƙe yana dariya, ya juya ga tsohon da ke gado na gaba, wanda aka rataye wa ƙafa. "Baba, don Allah ɗago ka gani. Sauron gidanmu ya fi wannan aiki."

"Babba, ya isa," in ji Inna.

Amma ita ma ta leƙa, ta daɗe tana kallo, kuma Dogo ya ga fuskarta. Ta kwana tana addu'a saboda za a yanka mata ɗa, ga shi abin da ta tarar bai kai yankan wuƙar kicin ba.

A gida aka sauke masa katifa a falo, saboda ya fi kusa da banɗaki. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa kuma sai ya ce a buɗe ya gani. Da an buɗe sai murya ta canza.

"Au, ai da sauƙi."

"Ni na ɗauka wani babban abu ne."

Labarin da Yaya ke bayarwa ya riga ya zaga gari: an kwantar da Dogo, an tsikare shi, an ba shi sanduna biyu da izinin kwanciya. Mai shagon ƙofar gida ya fara aiko gaisuwa ga Sarkin Hutu. Wani kawunsu ya zauna ya ba da labarin yadda ya yi noma da ƙusa a tafin ƙafa, ya sha ruwa, ya tafi.

Cinyar kuwa ta zube. In ya ce ta ɗaga, sai ta yi rawa ta ƙi. Mai gashin ƙashi ta koya masa motsa jiki: ya matse tsoka, ya saki, ya ja diddige a kan katifa kaɗan-kaɗan. Yana yi yana cije leɓe, matarsa na riƙe da tawul. Babu mai dubiyar da ya taɓa tarar da wannan.

Bayan an cire filasta, Yaya ya zo da hantsi. Bai zauna ba. Ya ɗaga zanin da ke rufe da ƙafar, ya leƙa ta tsakanin maɗauran ƙarfen. 'Yan ɗige-ɗige ne baƙaƙe suka rage.

"Ya warke. Gobe ka fito."

"Ba ta ce in durƙusa ba."

"Ba ta ce ba. Ita ta haife ka? Mutumin ya sa ranar buɗe zaurensa. Kullum sai ya kira ni ya wanke ni tas, ina ba shi haƙuri kamar ɗan aikin gidansa. Kai kana nan ana haɗa maka ruwan wanka."

Matar Dogo ta fito daga kicin da tsumma a hannu. "Yaya, ka tsaya ka ga yadda yake shiga banɗaki mana, tunda kallo kake so."

"Ke, ba da ke nake ba. Ke kika kai shi, ai kin samu abin da kike nema. Ga shi nan a falonki kamar kujera."

"Gara kujera da gurgu."

"Ji bakin da ka ajiye a gida." Ya juya ga Dogo. "Akwai wanda ke ta bi na in ba shi aiki. Yana da hannu, yana da ƙafa biyu. In ka fito, magana ta wuce. In ba ka fito ba, zan ba shi injin yanka, kuma ba aro ba. Wuri ɗaya ne, ba zan riƙe maka shi kana kwance ba."

"Injin na Baba ne."

"Ni ma ɗansa ne, kuma ni ne a tsaye."

Da la'asar Inna ta zo da kanta. Ta zauna a bakin katifar, ta kori jikokinta waje.

"Ka je, ko zama ne ka yi, ya ga fuskarka. Wanka ne. Shi ya riƙa goyo ka daga filin ƙwallo, ni ina ƙofar gida ina kallo."

"Inna, likita ta ce..."

"Na ga wurin da idona, ɗan nan. Ban ce ƙarya kake ba. Amma na gani." Ta gyara mayafi. "Ubanku ya bar muku sana'a ɗaya ne, bai bar biyu ba. Kada ku raba ta ina raye."

Bayan ta tafi Dogo ya shiga lissafi. In ya zauna, wurinsa ya tafi. In ya durƙusa, ƙafa ta tafi. Ya yini yana juya abin, har ya ga kamar akwai hanya a tsakani.

Da safe ya shirya fita. Matarsa ta ƙara matse maɗauran ƙarfen har sai da ya ce ya isa, ta miƙa masa sanduna.

Zauren ya canza. An gama gefe, an rataya fitilu, mai fenti yana kan shafa na ƙarshe. Zagayen yana nan yadda ya bar shi, rabi a rufe, rabi siminti, ƙura ta hau. Kayan aikinsa ma suna nan a gefe, cokali da gudumar roba a kan buhu. Ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin zanen, ya miƙe ƙafar a kan bokiti.

"Ga yadda za a yi," ya ce wa Yaya. "A ɗora min injin a kan tebur. Ina zaune zan auna in yanka. Kai ka sa. In ya karkace in gaya maka."

Yaya ya dube shi, ya dubi kujerar, ya dubi ƙasa.

"Sake faɗa in ji."

"Aikin na ido ne, Yaya, kuma idona lafiya lau. Wajen daidaita ƙasa hannunka ya fi nawa. In muka haɗa, ba za mu daɗe ba."

"Wato ni in zube a gabanka, kai kana kan kujera kana nuna min da sanda. Nan ya karkace, Yaya. Ɗaga wancan, Yaya." Ya ɗaga murya. "Mai fenti, kana ji? Ni na koya masa riƙe cokali."

"Ina ji," in ji mai fenti daga sama. "Ni dai shawarar ta yi min."

"Wa ya tambaye ka?"

"Kai ka kira ni."

"To yi fentinka."

"Yaya," in ji Dogo, "kai ba ka barin a taka tayil ranar da aka sa shi, ko da yana ƙyalli. Ka san ƙasansa ɗanye ne."

"Kada ka koya min tayil, yaro." Ya tako, ya tsaya a kansa. "Duk gardamar nan ba ta da amfani. Bari in duba. In an yi wani abu a ciki, hannuna zai gaya min."

Ya tsuguna a gefen ƙafar, daidai yadda ya saba. Ya ɓalle maɗauri na sama. Dogo bai hana ba. Tun yana yaro, in wannan hannun ya zo gwiwarsa, kwanciya yake ya yi lamo, jikinsa bai san wani abu ba. Yaya ya ɓalle na biyu, ya buɗe ƙarfen, ya kama diddige da hagu.

Sai Dogo ya ga inda babban yatsan ya sauka. Ba ta waje ba, inda ake turo ƙoƙon ya koma mazauninsa. Ta ciki ne.

"Me za ka yi?"

"In da gaske ta ɗaure shi da igiya, ba zai motsa ba. In ya fita, in mayar. Me aka rasa?"

"Ta ce kada a tura."

"Ta ce, ta ce. Tsaya ka gani."

Babu mugunta a fuskarsa. Ya yarda da abin da ya faɗa, kuma wannan ne ya tsorata Dogo. Yatsan ya danna. Can ciki, inda injin ya huda, wani abu siriri mai zafi ya ja.

Gudumar roba tana kan buhu, hannu ɗaya daga kujerar. Dogo ya ɗauka ya sauke ta a bayan hannun wansa.

Ƙarar ba ta fi ta buga tayil ba. Yaya ya koma da baya ya zauna daɓas a kan siminti, ya riƙe hannun a ƙirji. Mai fenti ya sauko matakala biyu ya tsaya, buroshi na ɗiga.

"Ni ka buga."

"In ka sake taɓa ta, ta ƙarfe zan ɗauka."

Yaya ya dubi hannun. Ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk sun motsa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan hannun," ya ce. "Wannan hannun ka buga." Ya miƙe, ya kakkaɓe wando. "Wallahi ko a tsakiyar titi ta fita, mota na tahowa, kada ka kira ni."

"Ba zan kira ba."

"Kuma injin ya bar hannunka."

"Na ji."

Dogo ya rufe ƙarfen. Maɗaurin ya ƙi shiga. Mai fenti ya ajiye buroshi ya zo ya matse masa, ya bar farin shafi a kan baƙin yadin. Dogo ya sa gudumar a aljihun riga, ya ɗauki sanduna, ya zagaye zanen ta gefe don kada ya taka, ya fita.

Bai je gida ba, asibiti ya wuce. Likitar ta kwantar da shi, ta lallatsa, ta lanƙwasa, ta sa a sake hoto. Gwiwar ta ɗan tasa.

"An ja jijiyar, amma ta riƙe. Za ka ƙara zama da ƙarfen." Ta cire safar hannu. "Wan nan naka ne ya taɓa?"

Ya gyaɗa kai.

"Tun ranar da ya naɗe wando na sani. In ya sake zuwa kusa, ka tashi daga wurin."

"Ba zai sake ba."

Labari ya kai dangi kafin shi ya kai gida, kuma a yadda ya kai, babu maganar yatsa a ciki: ƙani ya bugi wa da guduma a gaban mutane. Kawun nan mai ƙusa ya kira ya zage shi. Inna ta ɗauke ƙafa daga gidan. Masu dubiya suka daina zuwa, matar Dogo ta ce ko ba komai kofuna sun huta.

Sabon mutumin ya karɓi injin ya ƙarasa zagayen. Mai fenti ya biyo wata rana ya nuna wa Dogo hoton a waya. Murɗin ya taho sumul har rabi, daga nan ya fara tangaɗi, bakunan suka buɗe, aka cike su da ƙasa.

"Mai zauren ya shimfiɗa kafet a kai," in ji mai fenti. "Ya ce shi dama kafet yake so."

Dogo ya mayar masa da wayar. Bai yi dariya ba.

Ya ajiye sanda ɗaya, daga baya ya ajiye ta biyun. Cinyar ta fara cikowa. Ranar da likitar ta ce ya gwada, a ofishinta ya durƙusa a kan matashi, ya tashi, ya sake durƙusawa. Ta ce ya je, amma ya sayi abin kare gwiwa mai kauri, kuma kada ta sake ganin sa. Ya samu tsohon inji a wurin surukin mai fenti, ya fara bin ƙananan ayyuka shi kaɗai: banɗaki, kicin, baranda. Manyan gine-gine duk Yaya suka sani, kuma Yaya ya gaya musu ƙaninsa ya bar sana'a.

Sai Inna ta aiko. Ba gaisuwa a saƙon, tayil ɗin kicin ɗinta ne ya kumbura ya fashe, a zo a gyara. Dogo ya je da safe ya ɓamɓare tsohon, ya share, ya kwaɓa, ya faro daga ƙofar gaba yana ja da baya, don kicin ɗin ƙofa biyu gare shi. Inna tana tsakar gida tana ta wanke abin da ba shi da datti.

Ya kusa bakin ƙofar baya sai inuwa ta rufe ƙofar gaba. Yaya ne, da buhun siminti a kafaɗa. Shi ma an aika masa.

Ba wanda ya gaida wani. Yaya ya sauke buhun, ya jingina da ƙyaure, ya harɗe hannu yana kallo.

"Layin nan ya karkace."

"Bai karkace ba."

Yaya ya rufe ido ɗaya ya bi layin. Ya kau da kai.

Dogo ya shafa kwaɓi, ya kwantar da tayil, ya laluba gefensa bai ji guduma ba. Tana bayansa. Yana durƙushe ya murɗa jiki ya miƙa hannu, nauyinsa duka a kan gwiwar dama.

Yaya ya riga ya tako. Ƙafa ɗaya a cikin kicin, hannu a miƙe, babban yatsa a gaba.

Ba abin da ya faru. Dogo ya ɗauko gudumar ya juyo, ya buga tayil ɗin ta kowace kusurwa, ya shafa bakin da tafin hannu. Sannan ya dubi ƙafar wansa.

"Yaya, sauka daga kan aikin. Bai bushe ba."

Yaya ya dubi hannunsa da ke miƙe, ya sa shi a aljihu. Ya janye ƙafar. Tayil ɗin da ya taka ya nutse ta gefe ɗaya, kwaɓi ya tsarto ta bakin.

"Babba, tsaya ka sha ruwa mana," in ji Inna daga tsakar gida.

"Ina da aiki."

Suka ji ƙofar waje ta bugu. Dogo ya ɗora katako a kan layin da ya ɗan kama, ya rarrafa a kai har wurin, ya zura bakin cokali, ya ɗaga tayil ɗin, ya kankare kwaɓin ya sa sabo.